Kwanon Rufi a Bayan Gidan Glenys

Duk shekara kafin damina ta kankama, hukumar garin Darwin kan tura manyan motoci unguwa-unguwa su kwashe tarkace. Kowa ya fito da abin da guguwa za ta iya sura ta yi jifa da shi, ya jibge a bakin titi: karyayyar kujera, mataccen firji, keken da ya yi tsatsa. Abin da ya sauka bakin titi kuwa ya zama na wanda ya riga ɗauka.

Glenys Tolhurst ba ta taɓa fitar da ko cokali ba. A makon ne ma take tura baro tana bin layi, tana tsince kwanon rufin da mutane suka zubar.

Tana yarinya wata babbar guguwa ta share garin ranar Kirsimeti. Sun tsira a cikin banɗaki, amma suka yi watanni ba rufi, tana kallon mahaifinta yana bin gidaje yana roƙon kwano ko falle ɗaya. Ta girma, ta yi aikin girki a makarantar firamare har ta yi ritaya, ta binne mijinta, ba ta daina tarawa ba. Tocila, batir, tamfol, kifin gwangwani, komai bibbiyu take saye. Ɗakin baƙi ya cika har ƙofa ba ta rufuwa. Kwanon kuwa yana bayan gida, ya kai ƙirjin mutum, jingine da shingen maƙwabcinta Manolis, tsohon magini.

Tagar ɗakin jikarsa tana kallon tarin. Shi kuma a waccan guguwar, fallen kwano ne ya kashe yayansa.

"Ke Glenys, gobe mota za ta zo," in ji Manolis ta saman shinge. "Ki fitar da wuƙaƙen nan."

"Wuƙaƙe a gidan ubanka? Rufi ne."

"Rufin wa? Gidanki da rufinsa, mayyar kwano kawai."

"Ran da naka ya tashi, kada in ga ƙafarka a ƙofata."

"Ran da iska ta tashi, naki ne zai shigo mini ta taga!"

Washegari ta tafi asibiti awon jini. Manolis ya kira surukinsa suka tsallaka shinge, suka janye kwanon falle-falle zuwa bakin titi. Tun kafin motar hukuma ta iso, wani mai a-kori-kura ya tsaya ya loda shi kaf ya yi gaba.

Da ta dawo, ba ta tarar da komai ba sai ƙasa mai danshi da ƙadangaru suna gudu. Ta tsaya tana kallon wurin. Ba gidan take gani ba, mahaifinta take gani a ƙofar mutane, hula a hannu. Ta je ta dinga dukan ƙofar Manolis da tafin hannu.

"Fito, ɓarawo!"

"Ban ɗauki ko ƙusa ba. Bakin titi na kai, kamar kowa."

"Kayanka ake fitarwa, tsohon banza, ba na mutane ba."

"To ki kira 'yan sanda. In sun zo su leƙa ɗakin baƙinki ma."

Ba ta kira ba. Kwanaki ta kasa cin abincin kirki. Ko reshen mangwaro ne ya motsa, sai ta ɗaga kai ta dubi silin. Ƙarshen mako motar kanti ta tsaya a ƙofarta, aka sauke sabon kwano dal da ta saya, ya fi na da tsawo, ya fi shi kaifi, ya kuma fi shi yawa. Ta sa aka jera shi daidai inda na farko yake.

Manolis ya daɗe yana kallo, hannu a ƙugu. Ya tada mota ya fita, ya dawo da igiyoyin ɗaure kaya masu ƙugiya da turakun ƙarfe, sababbi a leda, ya cillo mata ta saman shinge.

"Ki ɗaure shi da ƙasa. Ba don ke ba, don yarinyar."

Glenys ta ɗauka ta jujjuya. Igiya ce mai ƙarfi, irin wadda ake nema a rasa bayan guguwa. Ta shige ciki, ta tura ƙofar ɗakin baƙi da kafaɗa, ta ɗora ta saman tamfol ɗin, ko ledar ba ta ɓare ba.

A makon ne Manolis ya mayar da gadon jikarsa falo.