Tamar da Karnukan Gidan Tromans

A Cradley Heath, wani garin maƙera a ƙasar Turawa, wajen shekara ta 1850, duk macen da ke da hannu biyu sarƙa take ƙerawa, haka Tamar ma ta taso. Tun tana 'yar shekara tara take zuga wa uwarta wuta. Da ta kai sha tara ta auri Caleb Tromans, ta koma ƙera tata sarƙar a 'yar maƙerar da ke bayan gidansu. Sai da ta tare ta gane ba mutum kaɗai ta aura ba, har da karnuka.

Da karnukan faɗa aka san gidan Tromans. Kakan Caleb ne ya fara haɗa irin, ya ɗauko kare mai kamun bijimi ya haɗa da wata 'yar karya mai kisan ɓeraye, daga nan ba a sake shigo da baƙon jini ba. A haɗa uba da 'yarsa, ɗa da uwarsa, wa da ƙanwa. Caleb bai iya karatu ba, shekarun 'ya'yansa biyar ma sai ya yi ta kame-kame, amma tambaye shi kakar kakar karyarsa Garwashi, zai zayyano maka har karnukan da ta kashe. Hukuma ta daɗe da hana wasan. To amma ran Litinin da hantsi, da yake ba mai fita aiki, sai mazan su taru a rumbun bayan mashayar Jabez su kulle ƙofa.

In sun watse, aikin Tamar ya fara. Ita ke dafa ruwa, ita ke ɗinke yagaggiyar fata da allurar da take yi wa wandon yara faci. Warin miki ya kama ɗakin girkinta, har a burodi take jin sa. Nama na karnuka ne, yara kuwa burodi da ɗan kitse. Kwikwiyon da ya nuna tsoro ko sau ɗaya, buhu ne da dutse, sai kududdufin bayan ramin kwal.

Ita kanta Garwashi ba ta da kyan gani. Kunne ɗaya gare ta, leɓenta ya yage har haƙora na waje, ga mugun hali. In za a yi mata barbara sai an ɗaure ta an sa mata takunkumi. A shekara ta goma sha ɗaya da auren Tamar, Caleb ya haɗa ta da ɗanta, ta haifi shida. Uku ganɗarsu a tsage, in sun sha nono ta hanci yake fitowa. Biyu uwar ta tauna kawunansu kafin a ankara. Saura ɗaya, namiji, ja.

Caleb ya aro Toka, wata karyar maƙwabta mai yawon bola da ta haihu a satin, don ta shayar da shi. Ya zuba nata 'ya'yan huɗu a buhu ya miƙa wa matarsa.

"Ungo, kai su ruwa."

"Kai ba ka da ƙafa ne?"

"Ke Tamar, ban da lokacin surutu. Wannan ɗayan ya fi duk karnukan garin nan daraja, ba zai raba nono da 'ya'yan shara ba."

Ta je kududdufin. Ba yau ta fara ba. Amma da ta zo ɗaure bakin buhun, wani ja daga cikinsu ya kama yatsanta yana tsotsa. Ta jefa shi cikin aljihun rigarta, ta kai sauran inda aka aike ta. A ƙarƙashin zuga-zugi ta ɓoye shi cikin tsumma.

Kwana uku, Caleb na wajen aiki, ɗan Garwashi ya sanƙare ya mutu. Tamar ta san abin da zai biyo baya, don bara da wani ya mutu babu kwanon da Caleb bai fasa ba a gidan. Ta binne gawar a tarin toka, ta ɗauko wanda ta ɓoye ta sa wa uwarsa Toka a madadinsa. Caleb ya dawo ya ɗaga shi sama, ya ce, "Kin ga yadda ya murmure? Irin kenan!" Ya sa masa suna Guduma.

Karen ya taso da dogayen ƙafafu, abin da ba a taɓa gani a gidan ba. Jabez mai mashaya ya tsokane shi, "Caleb, wannan kare ne ko ɗan maraƙi?"

"Kai dai tsaya ga tulun giyarka. Ƙafar kakan kakansa ce ta dawo, ni na san shi."

Guduma ba ya son kowa kamar Tamar. Yini yake a gindin uwar maƙerarta, tartsatsi na zubo masa bai damu ba. Ta sa rai za a ga ba shi da zafi a bar shi gadi. Ina! Ya cika shekara biyu aka kai shi rumbu, ya ci. Ya sake ci, har sau huɗu. Mutane suka riƙa zuwa daga Bilston da Walsall da karnukansu mata, kowa na neman irin. Su tsaya a tsakar gidanta suna shafa shi suna cewa, "Dubi ƙirji! Wannan Tromans ne tun daga hanci har wutsiya." Ita kuwa tana ta dukan ƙarfenta. Abin da ya fi ƙona mata rai, ita ta tsamo shi daga buhu, ga inda ta kawo shi.

Faɗa na biyar, a baro aka turo shi gida da azahar. Ya ci, wai. Muƙamuƙinsa na ƙasa na reto, ido ɗaya babu, amma da ya ji muryarta sai da ya kaɗa wutsiya. Mazan sun biyo baron a buge suna waƙa. Caleb ya durƙusa ya sumbaci kan karen, jini ya ɓata masa gemu.

"Tamar, allura! Yi maza. Yau duk ƙasar nan ta ga jinin gidanmu."

"Wane jinin?" in ji ta. "Ɗan Toka ne. Naka ya mutu tun yana kwana uku, tono tokar can ka ga ƙashinsa. Uban wannan ko Toka ba ta san shi ba."

Jabez ya fashe da dariya. "Hayaƙin maƙera ya hau wa matarka kai, Caleb." Sauran suka taya shi, Caleb ma ya yi yaƙe. Amma ta ga yadda ya ƙura wa dogayen ƙafafun nan ido. Da baƙin suka fita, ya goge bakinsa da hannun riga, ya tofar da yawu, ya sa ƙafa ya ture karen daga baron.

"Fitar min da wannan ƙazamin."

Ta rungume shi ta kai maƙera, ta kwantar da shi kusa da wuta. Babu abin da allura za ta kama. Kafin la'asar ya mutu.

Washegari Caleb ya zo ya ɗauki gawar, ya sa aka feɗe ta aka cusa wa fatar ciyawa, aka kafa ta a mashayar Jabez. A nan yake zama ƙarƙashinta yana jero wa baƙi asalin Guduma, kaka da kakanni, ba ya ko ƙifta ido. Bai taɓa tayar da maganar a gida ba, ita ma ba ta sake ba. Sai dai tun ranar ba ta ƙara ɗinke kare ba. In an turo baro ta rufe ƙofar maƙera ta ci gaba da aikinta, ko za a yi ta bugawa har yamma.

Caleb ya mutu da ciwon huhu, ta yi shekara ashirin da biyu a bayansa. 'Ya'yanta maza biyu suka so ci gaba da kiwon, ta ce su nemi wani gidan, suka kuwa nema. Ta yi ta ƙera sarƙa har yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa, sannan ta koma wurin 'yarta Keziah a Old Hill, inda ta ƙare kwanakinta tana renon jikoki da kiwon kaji.