Ba Mala, Mai Fentin da Ya Zana Lungunmu a Karkace

Idan an idar da sallar asuba, Ba Mala ba ya komawa barci. Yakan biya wurin mai ƙosai, ya wuce rumfarsa da ke bayan kasuwar tattasai ta Difa, ya jera gwangwanayen fenti a ƙasa, ya tsoma burusai cikin kananzir. Kafin rana ta yi zafi ya gama allon mai aski ko na mai gyaran waya. Yawancin allunan shagunan da ke kan hanyar tasha aikin hannunsa ne, amma bai taɓa sa sunansa a ƙasan ko ɗaya ba. Yanzu hannun ya fara rawa, ya ce zai koma garinsu Maine Soro'a wurin dabinon da mahaifinsa ya bari. Gara a faɗi abin da ya yi tun yana nan yana ji.

A Damagaram ya yi ƙuruciyarsa, yana zana allunan talla na gidan silima. A can ya haɗu da wani malamin zane da ke nuna wa samari tsofaffin finafinai marasa magana. Daga bakinsa ya ji cewa bayan babban yaƙin Turai na farko, a Jamus, masu shirya fim sun ɗauki salon wasu masu zane da suka daina zana abu yadda ido ke ganinsa, suka koma zana shi yadda zuciyar mai tsoro ke ganinsa. Sai aka riƙa gina ɗakunan fim a karkace, taga a tauye, inuwa ma da fenti ake shafa ta a bango. Akwai kuma masu zana mafarki, waɗanda 'yan fim suka koyi haɗa hotunan da ba su da dangantaka daga wurinsu. Ba Mala ya riƙe wannan duka a kansa, ya dawo Difa yana zana kofin shayi da almakashi, domin ba wanda ya nemi fiye da haka.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gabas da Geskeru, bakin Komadugu. Mun baro shi wata safiya da 'yan bindiga suka shigo, lokacin 'yata Nabila tana ƙarama. Ta girma a Difa, ta gama lise, wato babbar sakandare, ita da ƙawayenta suka fara shirya gajerun finafinai da kamarar gidan samari, cibiyar matasan garin. Bara ta ce za ta yi fim a kan safiyar da muka gudu, kuma a ƙauyen za ta ɗauka. Garin kango ne. Mun san waɗanda suka koma duba gonakin tattasai ba su dawo ba. Na hana ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Baba," irin amsar da uba ya san babu komai a cikinta. Daga baya na ji har ta sami direba, sun tsayar da ranar Asabar.

Ta je wurin Ba Mala ya rubuta mata allon sunan fim ɗin, ya tambaye ta labarinsa.

"In kin je can, me za ki ɗauka?"

"Gidanmu da lungunmu, Ba Mala."

"Bango da ciyawa ke nan. Kamara za ta nuna miki garin yadda yake bana, shiru, ko akuya babu. Safiyar da kike nema tana can tana jiranki?"

Ya nuna mata wani gwangwanin fenti.

"Zauna kan gwangwanin nan, ya bushe. Ranar, yaya kika ga lungun?"

Ta ce ya yi tsawo fiye da kullum. Ta ce bangayen sun sunkuyo kamar za su haɗe a samansu, ƙofofin sun ƙanƙance, sama kuma ja ce, ko da yake ta san sama ba ta ja da safe.

"Wannan kam zan iya," in ji shi. "Direbanki ba zai iya kai ki can ba."

Ya bi unguwannin 'yan gudun hijira ya tattaro tsofaffin tamfol na agaji, tela ya ɗinke su. Ya kafa su layi biyu a filin bayan rumfarsa, ya bar hanya a tsakiya, ya shiga zana lungun a jikinsu yadda ta faɗa masa. Ya ajiye aikin shaguna, mai aski ya yi ta sintiri yana mita. Da jan fenti ya ƙare, ya kwaɓa garin tattasai da ƙaro ya shafa a sama, maƙwabta suka wuni atishawa suna tsine wa silima.

Nabila ta duba, ta ce bai ishe ta ba. Sai matan garinmu sun gani. In suka ce ba garin ba ne, ranar Asabar tana hanya. Ba Mala ya ce ya yarda. Ni ba a tambaye ni ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar suka zo, Ya Fanna a gaba, ita ce mafi tsufa cikin waɗanda suka fito tare da mu. Tun daga nesa ta fara.

"Mala, idon ne ya tafi ko hannun? Wane magini ne ya yi wannan, a ɗaure shi?"

"Shiga dai ki gani, Ya Fanna. Ba zai faɗo miki ba, leda ce."

"Gidana ne wannan? Ƙofar ko kaza sai ta durƙusa!"

Matan suka kwashe da dariya. Nabila ta ciro waya daga jaka ta riƙe. Ya Fanna ta shiga tsakanin tamfol ɗin tana dogara sanda, tana ci gaba da tsiya. Da ta kai tsakiya sai ta tsaya. Ta sunkuya ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, yadda kowa ya yi ranar don ya iya gudu. Ta daɗe a tsaye tana kallon ƙarshen lungun.

"Rijiyar ta yi kusa," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Ran nan ta fi haka nisa. Matsar da ita."

Ba Mala ya matso. Ya ɗauki burushi ya shafe rijiyar, ya sake zana ta ƙarama can sama, kusa da bakin tamfol. Wata matar ta ce inuwar masallaci ta fi haka baƙi. Wata ta ce an manta tattasan da aka shanya, wanda aka bi ta kansa. Ya yi ta gyara suna faɗa masa har hasken rana ya ragu. Nabila ta koma gefe ta kira direban, na ji tana cewa ya nemi wasu fasinjojin.

Ba Mala, kai ne ka saurari yarinyar da mu iyayenta tsawa kawai muka iya yi mata. Kai ne ka ɗauko abin da ka koya a wani ɗakin duhu a Damagaram, ka ajiye shi tsawon rayuwa ba tare da ka san ranar amfaninsa ba. Mai hannu da haƙuri, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba hannun nan sauƙi, Ya sa dabinon ya yi albarka.

Samarin Difa masu yawo da kamara, ku je rumfarsa kafin ya ɗaure kayansa, ku zauna kan gwangwani ku yi tambaya. Masu sana'a kuma, in yaro ya zo muku da niyyar da za ta halaka shi, ku tambaye shi abin da yake nema a can kafin ku kore shi.

An nuna fim ɗin a gidan samari. Ban gane rabinsa ba. Da aka tashi, ni da Nabila muka tako zuwa gida, tana ta yi mini bayani.