Gonar da Muka Ɗauka a Ka

Maigidana mahauci ne. A kwatar Inugu ya ci ƙuruciyarsa, a nan kuma furfura ta same shi. Muna zaune a Kolkam, unguwar leburorin kwal, a ɗaki ɗaya cikin wani yadi mai famfo ɗaya da bayan gida ɗaya. Idan na shanya farin zane da safe, kafin la'asar sai ka rantse gindin tukunya na goge da shi. 'Ya'ya maza da Allah ya ba mu ba su tsaya ba. Mace ɗaya ce ta rayu, ita ma aure ya kai ta Anacha. Can gida kuwa, a ƙasar Kano, 'yan'uwansa sun raba gonar gado tun da daɗewa, shi kuma suka aiko masa da gaisuwa.

Wata safiya na miƙa masa kofin koko, sai na ga kofin yana kaɗawa a hannunsa har yana zuba masa a riga. Mahauci da hannunsa yake ci, ranar da hannu ya ƙi, babu fansho, babu rumbu. Daga ranar ya fara zancen gona kamar wanda aka yi wa asiri.

Akwai wani yaro Ibo a ɗakin da ke kusa da namu, lebura a ramin kwal, wanda ƙasa ta rufto ta karya masa ƙafa. Maigidana ne ya kawo masa maɗori Bahaushe, yana kuma kawo ƙashi daga kwata ina dafa masa romo har ya taka. Uban yaron tsoho ne manomi, daga wani ɗan ƙauye a kan dutsen da ke bayan gari. Da ya sauko godiya ya tambaya me zai yi mana, maigidana ko kunya bai ji ba, ya ce ƙasa yake so.

Ƙauyen ba wani ƙauye ba ne, gidaje ne 'yan kaɗan a ɓoye cikin itatuwan manja. Hanyar zuwa kwana-kwana ce, idan kana cikin mota sai hanjinka ya juya. Mutanen wurin doya suke nomawa da gwaza da rogo, sun jera duwatsu hawa-hawa don kada ruwa ya wanke musu ƙasa. Iskar wurin sanyi gare ta, kuma babu baƙin kwal a cikinta. Tsohon ya kai mu can ƙarshen gonakinsa, inda dutsen ya yanke ya faɗa wani kwari mai zurfi, ya nuna wani fili da sandarsa. Tsakuwa ce zalla da ciyawa. Maigidana ya kai ƙwaryar goro, dattawan ƙauyen suka taru suka fasa, suka yi addu'a irin tasu, shi kuma ya shafa Fatiha. A wurinmu kyautar da aka yi gaban shaidu ta zauna ke nan.

A hanyar dawowa bakinsa har kunne. Ya ce mini, “Ke Bazazzagiya, yau mijinki ya zama mai gona.”

Na ce, “Gona ko dutsen niƙa? Ku Kanawa ko hayaƙi aka ba ku kyauta sai kun nemi buhu.”

Buhun kuwa ya nema. Duk abin da ake zubarwa a kwata, kashin shanu da abin cikin tumbi, ya riƙa tarawa yana shanyawa a bayan shinge. Mahauta suna yi masa dariya, suna kiransa sarkin taki. Ranar Lahadi kasuwa ba ta ci sosai saboda mutanen gari suna coci, sai mu roƙi masu motar itace su rage mana hanya, sauran hawan kuma mu ɗauka a ka. Ni da aka aura aka ce za a kai ni birni, sai ga ni da gammo ina hawa dutse da kashin shanu. Na yi mita har na gaji, amma ban taɓa fashi ba. Muka tsince tsakuwa da hannu muka jera ta a gefe yadda muka ga masu ƙauyen suna yi. Shekara ta bi shekara, jar tsakuwar nan ta koma baƙar ƙasa mai laushi, idan ka tura hannu sai ya nutse har wuya.

Gero ya fara shukawa, don taurin kai, ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe a tsaye. Amma yakuwa da kuɓewa da tattasai da gauta sun yi kamar hauka. Matan ƙauyen suka riƙa zuwa roƙon iri, ni kuma suna ba ni manja. Muka kafa 'yar bukka. Shirinmu shi ne, ranar da wuƙa ta gagare shi, mu tattara mu hau, mu saka kaji da awaki biyu, mu jira lokacinmu cikin iska mai kyau. Hannun kuwa yana ta ƙara rawa, har ya daina fiɗa, sai yankan tsoka a kan tebur.

Duk kaka, idan muka kwashe amfani, sai ya sa in wanke goro farare manya in naɗe a ganye, ya haɗa da cinyar rago, mu kai wa tsohon. Yakan ce, “Wanda ya ba ka ƙasa ai uba ne, ba za ka je gidansa hannu rabbana ba.” Tsohon kuma sai ya aika a kira 'yan'uwansa su zo su gani, a fasa goron a gabansu. Mu muna jin daɗi, muna cewa dubi yadda mutumin nan yake girmama mu.

A ƙasan ƙauyen akwai wani kogo da ruwa ke zubowa ta rufinsa, nan mata suke ɗiban ruwa. Tun zuwanmu na farko muke ganin Turawa jifa-jifa ranar Lahadi, da kwandunan abinci da karnuka, sun zo kallon kogon. In sun gama sai su hauro bakin gonarmu, domin daga nan ana hango Inugu gaba ɗaya, har hayaƙin jirgin ƙasa. Su tsaya a kan kunyar yakuwata da takalma suna nuna sama da yatsa. Ni abin ya ɗaure mini kai. Mutum ya ƙona mai, ya wahalar da mota, don kawai ya kalli rami. Wata Baturiya ta taɓa tsayar da ni da buhu a ka, ta ce kada in sauke sai ta ɗauki hoto. Wuyana yana ciwo, ita tana gyara tsayuwa. Na sauke abina a gabanta, ƙurar takin ta tashi, ta yi baya tana tari.

Da aka sauke tutar Turawa muka ce to, an huta. Ashe somin-taɓi ne. Manyan ma'aikata baƙar fata da suka gaji gidajensu suka gaji har da Lahadinsu. Motoci suka ninka. Samarin ƙauyen suka ajiye fartanya suna tseren nuna hanyar kogo. Yara suka daina zuwa gona, suna bin motoci da lemo. Dodon ƙauyen, wanda a da in zai fito mata sai sun ɓuya, ya koma fitowa duk Lahadi yana rawa a bakin hanya ana jefa masa kwabo. Aka ce mata su daina ɗiban ruwa ranar Lahadi, wai suna ɓata hoto. Filin da a da ko akuya ba a ɗaurewa a cikinsa, shi kowa yake sa wa ido.

Cikin haka tsohon ya rasu. Mun je gaisuwa, maigidana ya yi kuka kamar ubansa ne. Ba a daɗe ba muka hau wata Lahadi muka tarar da turaku masu jan fenti an kafa su a tsakiyar tattasai. Aka ce wani attajiri daga Fatakwal zai gina masaukin baƙi mai baranda tana kallon kwarin, kuma 'ya'yan tsohon sun ba shi wurin.

Maigidana bai tada hankalinsa ba, don yana da shaidu. Ya sa babbar rigarsa, ya nemi dattawan su zauna, ya ce ni ma in zo. Muka zauna ƙarƙashin wata babbar bishiya a dandalin ƙauyen. Yaron nan mai karyayyar ƙafa, wanda yanzu ya zama magidanci, shi ne tafinta, kuma tunda aka fara bai ɗaga ido ya dube mu ba.

Maigidana ya yi gaisuwa ya gama, ya ce marigayi ya ba shi ƙasar nan kyauta, kuma rabin waɗanda ke zaune a nan sun ci goron. Suka gyaɗa kai, suka ce haka ne, sun ci.

Babban cikinsu ya yi magana, tafinta ya ce, “Baba, wai yana tambaya, bayan na farkon, ka sake kawo goro?”

Maigidana ya gyara zama. Har yau ina ganin yadda fuskarsa ta washe. Ya ce, “Gaya masa ko shekara ɗaya ban yi fashi ba. Shekarar da na kwanta ciwo ma matata ce ta kawo. Ke, ba haka ba ne?”

Na ce, “Haka ne, Malam.”

Ya ce, “Har da cinyar rago. Su faɗa in ƙarya nake.”

Dattijon ya ce ba ƙarya ba ne, sun shaida, ba su taɓa ganin baƙo mai cika alkawari irinsa ba. Sai ya ƙara wata magana mai tsawo. Sai da aka daka wa tafinta tsawa, sannan ya ce, “Baba, wai a nan mai ƙasa ba ya kai wa kowa goro. Wanda aka ara wa ne yake kaiwa duk shekara, gaban 'yan'uwa, don kowa ya san ƙasar ba ta fita daga gida ba. Wai da ka daina kawowa shekaru aka yi shiru, da yau akwai abin dubawa. Amma kai da bakinka ka ce ba ka yi fashi ba.”

Maigidana ya ce, “Ai zumunci ne. Gaya musu godiya nake yi.”

Aka gaya musu. Suka ce sun gode su ma.

Ba wanda ya zage mu, ba wanda ya ɗaga murya, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da sun yi mana ƙarya da na sami abin tsinewa. Gaskiyarsu suka faɗa, mu ma tamu muka faɗa, tasu ce take da ƙasa a ƙarƙashinta. Na juya kan tafintan na ce, “Kai da ka sha romona, duk shekarun nan kana kallo ina naɗe goro, bakinka ciwo yake?” Ya ce wallahi Mama ya ɗauka mun sani. Na yarda da shi, kuma har yau ban yafe masa ba.

Sun bar mu mun kwashe abin da ke cikin gonar. Mun kai kuka wurin sarkin Hausawa, ya ce mu baƙi ne, mu yi haƙuri, kada mu ja wa jama'a fitina a kan yakuwa. 'Yarmu ta aiko daga Anacha cewa mu koma wurinta, maigidana ya ce bai lalace da zai zauna a gidan suruki ba. Ya koma kwata. Wuƙa ta riga ta fi ƙarfinsa, sai sarkin pawa ya rufa masa asiri ya sa shi wankin hanji tare da yara sa'o'in jikokinsa. Bai sake hawa dutsen ba, ko ta wajen ba ya juya fuska.

Ni ce zuciyata ta ƙi kwanciya. Bayan damina ta zagayo na hau ni kaɗai. Ginin ya tashi, fari fat, an sare itatuwan manjan marigayin an yi wurin ajiye motoci. Ɗaya daga 'ya'yansa na gani a bakin ƙofa da kakin maigadi, wata jikar marigayin kuma tana wanke faranti a baya. Su ma abin da suka samu ke nan. Na tambayi maigadin ina ƙasarmu, don ban ga ko tafin hannu na baƙar ƙasa ba. Ya ce magina sun ce ta yi laushi, ba za ta riƙe gini ba, sai da leburori suka kwashe ta kaf suka kai ga dutse. Ya nuna mini inda suka zubar.

Na je bakin kwarin na leƙa. Can ƙasa, a jikin dutsen, ƙasar ta maƙale a wani lungu, kuma yakuwa ta fito a kanta ta yi jajir, har da kuɓewa ta yi fure. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. Na zauna a wurin na yi kukana, baƙi suna cin abinci a baranda suna kallona.

Da na dawo na sami maigidana a ƙofar ɗaki yana ƙoƙarin ɗaura igiyar takalminsa da ta tsinke. Ya dubi jar ƙasar da ke ƙafata, ya gane inda na fito. Na so in yi shiru, amma ya tambaya, sai na gaya masa duka, har da yakuwar. Ya ajiye takalmin a kan gwiwarsa.

Can ya ce, “Akwai ta inda mutum zai bi ya sauka?”

Na ce, “Babu, Malam.”

Ya ce, “Kin duba sosai?”

Na ce na duba. Sai ya miƙo mini takalmin ya ce in ɗaura masa, gobe akwai yanka da yawa.