Makarantar da Ƙanwata Ta Zaɓa da Ɗan Yatsa

Ƙanwata ta yi shekara goma sha tara tana shara a wani gidan motsa jiki. Auta muke ce mata a gida, har yau da ta haura hamsin. Aikinta goge ƙasa, wanke tawul, da share gumin mutane daga jikin injina. Ba ta taɓa jin kunyar aikin ba, ni ma ban taɓa ji mata ba.

Malanta kuwa tsintar ta ta yi. Wata safiya mai koyar da tsofaffin mata ba ta zo ba. Mu takwas muna zaune a kan benci, har da ni, don likita ya turo ni saboda gwiwa. Auta ta jingine sandar goge ƙasa ta ce, "Ku tashi, iyayena, ba zaman makoki kuka zo ba." Ashe duk shekarun nan tana shara tana kallo ta madubi, ta haddace komai. Ta san mai ciwon baya, ta san mai ƙaryar ciwon baya. Daga ranar ajin ƙarfe bakwai ya zama nata. Shekara shida tana riƙe da shi, muna kiran ta Malama, tana cewa mu daina, tana murmushi.

Sai aka yi sabon manaja. Ba mugu ba ne. Ya ce doka ta zo, wanda ba shi da takardar shaida ba zai tsaya gaban aji ba. Ya ba ta shekara biyu ta samo, ya ce zai riƙe mata ajin.

Kwaleji biyu ne a garin ke koyar da wasanni da motsa jiki, kuma suke karɓar manyan da suka daɗe da barin karatu. Auta ta ce in raka ta. "Ke ce kika gama sakandare, Yaya. Ke ki karanta takardu, ni in duba wuri."

Ta farkon tsohon gini ne, sai da muka hau bene hawa biyu. Tun daga matakala warin gumi ya tarye mu. Tabarmin roba sun suɗe, hannayen kekuna sun ɓare. Wata ɗaliba ta ce wa Auta, "Mama, 'yarki kika zo nema?" Na ga fuskarta ta canja. Ta durƙusa ta zura yatsa a ƙarƙashin injin gudu, ya fito baƙi ƙirin. Ta nuna mini shi a gaban matar da ke ba mu fom.

"Wanda bai kula da ƙarƙashin injinsa ba," in ji ta da muka fito, "shi zai koya mini kula da gwiwar tsohuwa?"

Ta biyun tana ƙasa, ba matakala. Ƙasan har ɗaukar ido yake yi. Auta ta zura yatsa, ya fito fes. Ta sake zurawa a bayan keke, fes. Wasu kujerun ma ba a cire musu leda ba. Mutumin da ke ofis ya ba mu wurin zama, yana ta "ranki ya daɗe," ya ce Asabar da Lahadi kawai za ta riƙa zuwa. Auta ta dube ni ta ce, "Kin ga mutanen da suka san aiki."

Takardun makarantun biyu suna cikin jakata. Na karanta shafin farko na kowacce. Ban nemi inda aka rubuta ko hukuma ta san da makarantar ba. Gwiwata ta ji daɗin rashin bene, kuma ba wanda ya ce wa ƙanwata Mama. Na ce mata ta biyun ta yi.

Ta yi karatu kamar ta kashe kanta. Ta dawo daga aiki da la'asar, ta baje littattafai a teburin kicin, tana kiran sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi tana taɓa jikinta. Mijinta direba ne, ya shigo ya ce, "'Yar makarantarmu, yau an yi bulala?" Ta ce, "Zo in nuna maka jijiyar da ke hana ka sunkuyawa ka ɗauki takalminka." Sau ɗaya kawai ta yi ƙorafi. Ta ce, "Yaya, har yanzu ba mu hau injinan nan ba. Sun ce kada a ɓata su." Na ce, "Ke da kika san su kamar yunwar cikinki, me za ki hau ki yi?" Muka yi dariya.

Ranar da ta karɓo takardar, sai da ta sa aka yi mata firam kafin ta kai wa manaja. Ina zaune a benci ina jiran aji, ƙofar ofis a buɗe. Ya duba kwamfuta, ya sake dubawa, sannan ya juyo mata da fuskar. Jerin makarantun da hukuma ta amince da su ne. Tata ba ta ciki.

"Wacce ke ciki?" ta tambaye shi.

Ya nuna mata. Mai benen ce.

Ya ce in wata uku ne zai iya jira, amma ba wasu shekara biyu ba. Auta ta ce ta gode. Ta sa firam ɗin a cikin kwandon tawul ta fita da shi.

Yarinyar da aka ba ajin Auta, a can makarantar mai benen ta yi karatu. Na so in tsane ta, ban samu dalili ba. Ta iya aiki, tana da ladabi, gwiwata ma ta yi sauƙi a hannunta. Auta ta roƙa aka mayar da sharar ɗakin nan zuwa ƙarfe takwas, bayan mun tashi. Yanzu ba mai ce mata Malama. Ta hana, kuma wannan karon ba murmushi.

Wata rana na tsaya bayan kowa ya tafi. Ta shigo da bokiti. Na ce mata takardun suna jakata ran nan, kuma ban karanta su har ƙarshe ba.

"Na sani, Yaya," ta ce, tana matse tsumma. "Amma ni na sa yatsa. Shekara goma sha tara ina goge inji. Ni ya kamata in san injin da ba datti a ƙarƙashinsa ba wanda ke hawansa."

Ta iso inda nake tsaye da sandarta.

"Ɗaga ƙafa, zan goge nan."

Na yunƙura zan ɗaga.

"Dafa bango tukuna," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "Sau nawa zan gaya miki?"