Tayar da Baba ya yi mini alkawari

Shekaranjiya ina zaune a bencin mai faci a bakin tashar Gumel ana duba mini iskar taya, sai warin robar da rana ta gasa ya bugi hancina. Wanda bai tashi a gidan direba ba zai ce wari ne kawai. Ni kuwa nan take na koma ƙofar gidanmu, ina ɗan yaro, na harɗe hannu a ƙirji, ina kallon ɗan baffana yana gara taya, zuciyata tana tafarfasa.

Bari in gaya maka yadda gidan yake. Babana da ƙaninsa, wato baffana, zaure ɗaya suke shiga, kowa da sashensa, kowa kuma da tsohuwar fijo ta haya. Gumel zuwa Maigatari suke yi, ranar Alhamis ta kasuwa kuwa ko ruwa a tsaye suke sha. Baffa yana da ɗa sa'ana, tare aka yaye mu. A unguwarmu a wancan zamani yaro ba shi da wata kadara da ta wuce tayar garawa. Mai taya shi ne a gaba, marar taya sai ya bi baya da gudu yana roƙon a ba shi ɗani. Ɗan baffana bai taɓa rasa taya ba, ni kuma ban taɓa mallakar ko ɗaya ba.

Dalili kuwa, motar Baffa cin taya take yi kamar yadda gara ke cin zana. Mutum ne mai fara'a da gaggawa. Idan kaka ta yi, zai jibga buhunan riɗi a gefe ɗaya, fasinja su cusu a inda suka samu, ya taka wuta. Rami ba ya sa ya rage gudu. Sitiyari yana jan sa hagu, shi yana jan sa dama, yana ta ba mutane labari. Kafin wani lokaci sai ka ga tayar gaba ta suɗe ta ciki har waya ta leƙo, ta waje kuwa zanenta fes kamar jiya aka sayo. Irin wannan babu mai so ko kyauta, sai Baffa ya wurgo ta ƙofar gida, ɗansa ya cafe.

Baba ba haka yake ba, kuma a lokacin abin haushi yake ba ni. Kullum idan ya dawo daga masallaci da safe, kafin rana ta taɓa motar, sai ya tsuguna ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da tafin hannu, yadda Inna ke taɓa goshinmu in tana zargin zazzaɓi. Akwai ɗan gejin iska da ba ya rabuwa da aljihunsa. Ba mai yawan magana ba ne, amma na taɓa jin yana ce wa Baffa, "Iska in ta yi kaɗan, kafaɗu take ci. In ta yi yawa, tsakiya. Taka kuwa gefe ɗaya take ci, ƙafar motar ce ta karkace. Kai ta a saita."

"To, Yaya, sai bayan kasuwa," in ji Baffa. Kasuwa kuma ba ta ƙarewa.

Jifa-jifa, ranar Juma'a da hantsi, Baba zai kafa jak ya mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, wai don kowace ta ɗanɗani wahalar 'yar'uwarta. Idan damina ta wuce ta bar hanya duk ramuka, sai ya kai motar wurin bakanike su ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, su yi ta kwancewa da ɗaurewa har su daidaita. A tasha ma an san shi da tsirfa. Zai iya tayar da ƙaton ɗan kasuwa daga kujerarsa ya mayar da shi ɗaya gefen don nauyi ya rabu, mutumin yana mita, shi ko a jikinsa.

Sakamakon duk wannan a kaina ya ƙare. Tayoyin Baba sukan daɗe, in sun tashi ƙarewa kuma su suɗe bai ɗaya, babu rauni babu waya, suna riƙe iska. Irin su masu amalanken shanu ke nema ruwa a jallo. Kawuna, wan Inna, manomi ne a wani ƙauye kusa da Gagarawa, shi ya riga kowa kama layi. Zai zo da gyaɗa da kaji biyu, a sha hira, ya ɗora tayar a amalanke ina ji ina gani. Nakan bi shanunsa da harara har su sha kwana.

Kada ka ɗauka tayoyin ɗan baffana wani abin kirki ne. Duk karkatattu ne, in ka gara sai su yi ta neman kwata, sai kana dukansu da kara ta gefe, ga waya tana yagar hannu. Amma karkatacciyar taya ta fi babu. Yakan ba ni ɗani in ya gaji, wato in za a dawo gida da yunwa. Na tsani wannan kyautar, kuma ban taɓa ƙin karɓa ba. Na sha cewa a raina, ina ma Baffa ne ya haife ni.

Kakarmu, mahaifiyar su Baba, ita ta fara gano ni. In ta gan ni na cika na batse a zaure sai ta ce, "Maigidan nawa, me aka yi maka? Sassauta, hassada ga mai rabo taki ce." Sai in ƙara kumbura, ita kuma ta yi ta dariya.

Wata safiya dai na yi ta maza na tsuguna kusa da Baba, na ce ni ma ina son taya. Ya dube ni, ya dubi motar, ya dafa ta baya ta hagu. "Wannan in ta gama aikinta, taka ce. Ba zan ba kawunka ba."

Daga ranar na zama makiyayinta. Tana da ɗigon farin fenti a gefe, saboda haka duk inda Baba ya mayar da ita ina gane abata. Kowace safiya nakan cusa yatsa a zanenta in ji ko ya rage zurfi. Ba ka san jinkirin taya ba sai kana jiran ta mutu. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, aka kai gero rumbu, tana nan. Na fere kara mai kyau na ɓoye a bayan randar Inna, har ya bushe na sake wani.

Da bazara, rana tana narka kwalta, tayar gaban Baffa ta fashe a hanyar Maigatari, mota cike da kaya. Motar ta ƙwace masa ta faɗa rami. Allah ya kiyaye babu wanda ya rasu, amma Baffa ya karye a cinya, motar kuma ba ta sake moruwa ba. Aka kwantar da shi a ɗaki, mai ɗori yana zuwa yana dubawa. Kaka ta ce ba ta son ta ƙara ganin tayar motar nan a gidanta, aka kwashe duk na ɗan baffana aka ba mahauta su yi babbaka. Yaron ya daina fita wasa, sai ya zauna a dakalin zaure yana zane a ƙasa. Na ji tausayinsa, amma can ƙasan raina na ce yanzu mun zama ɗaya, kuma tawa tana tafe.

Ba a daɗe ba Juma'ar ta zo. Baba ya kafa jak, ya kwance tayata, ya kai wa mai faci ya raba ta da ƙarfenta, ya dawo da ita. Sumul take ko'ina. Na ruga na ɗauko karana. Ina fitowa na ji ya kira ɗan baffana.

"Zo ka karɓa, je ka yi wasa."

Na tsaya da kara a hannu. Baba ya juyo ya dube ni, ya san abin da ya yi sarai. Ya ce, "Kai ubanka yana kan ƙafarsa."

Ɗan baffana ya tura ta sau ɗaya. Ta miƙe samɓal, ba tangaɗi ba karkata, tun daga ƙofar gida har gindin durumin masallaci, yara suna bin ta da ihu. Ban taɓa ganin taya ta yi tafiya mai kyau haka ba. Da ya dawo yana haki, karo na farko da ya yi dariya tun faɗuwar ubansa, ya miƙo mini ita tun bai gaji ba. Na ce ba na so. Na shige ɗakin Inna na yi kuka mai isata. Tayoyin da suka biyo baya kawu ya ci gaba da kwashewa, ni kuma aka kai ni makarantar kwana, shekarun gara taya suka wuce.

Yanzu na'ura ke saita ƙafar mota, ba zare ba, kuma yaran unguwarmu sun fi son wayar iyayensu da kowace irin taya. Baba da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya. Da na girma na haifi nawa, na san abin da Baba ya yi shi ne daidai, ni ma da haka zan yi. Sai dai sanin daidai bai taɓa warkar da ni ba.

Ɗan baffana yana fataucin dabbobi a Maigatari, zumuncinmu kuma sai hamdala. Kwanakin baya a wurin sunan jikansa, muna cin waina, na ce masa, "Ka tuna tayar nan mai farin fenti da Baba ya ba ka?"

Da gaske ya yi ƙoƙarin tunawa. Can ya girgiza kai ya ce, "Wacce daga ciki?"