Gwangwanin Naman Kawu Peni

Shekara talatin da takwas, kullum ban da Lahadi, ƙarfe shida da rabi na safe Penitito Sauaga, wanda muke kira Kawu Peni, yake ɗaga ƙofar garejinsa da ke bayan kasuwar unguwarmu ta Otara. Ba ya fara taɓa sifana. Sai ya ɗora butar shayi, ya yi 'yar addu'arsa a tsaye, ya share ƙasa tas, don ya ce mai aiki a kwance dole ya san inda zai sa bayansa. Daga nan ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da wani tsohon gwangwanin pisupo, naman shanun nan da ba a biki ba a makoki a gidajenmu sai da shi. An cinye naman tun kafin a haifi rabin masu kawo masa aiki. Gwangwanin ya lotse, rubutun jikinsa ya goge, amma duk kayan garejin babu wanda ya kai shi iko.

Sana'ar Kawu Peni ita ce kwantar da mota. Ka kawo masa ita tana tsaye ƙerere, ya sauya mata sifirin da shakazoba, ya sauke ta har ta kusa shafar kwalta, ta yi kyau kamar an zana. Dokokinsa biyu ne kacal. Ta farko, dole gwangwanin nan ya wuce ta ƙarƙashin motar, gaba da tsakiya da baya, ba tare da ya taɓa komai ba. Ta biyu, ba ya awo da mota babu kowa a ciki.

"Je ka zo da mutanen gidanku," haka yake cewa. "Wa ka taɓa gani a Otara yana tuƙi shi kaɗai ranar Lahadi?"

Shi ya sa duk Asabar za ka tarar da gwaggonni uku ko huɗu sun cika kujerar baya, da hulunansu na coci, suna cin burodin kwakwa suna gulma, shi kuwa yana kwance a ƙasa yana tura gwangwani.

Mu masu kwantar da mota ba mu taɓa zama baki ɗaya ba, kuma ba na jin za mu zama. Akwai dattawa masu manyan tsofaffin motocin Amurka, waɗanda ake cika musu but, wato wurin kaya na baya, da batura da famfo, mai ita ya danna maɓalli ta durƙusa, ya sake dannawa ta miƙe ta yi tsalle. Akwai matasa masu ƙananan motocin Japan, taya a karkace, salansa sai ka toshe kunne. Dattawan suna kiran motocin matasa injin wanki. Matasan suna kiran na dattawa jirgin ruwa mai farfaɗiya. Da ɗayansu ya yabi motar ɗaya, gara ya koma gida a bas.

Kai ne, Kawu Peni, kaɗai mutumin da duka ɓangarorin ke shan shayinsa. Ba a taɓa jin ka kushe motar wani ba. Ranar da wata malamar asibiti ta kawo tata mai ruwan hoda, da gashin roba a sitiyari, gareji ya kwashe da dariya, kai ne ka zagaya motar sau biyu ka ce: "Ni dai ba zan hau ba. Amma ku zo ku ga yadda fentin nan ya kwanta, wanda ya iya irinsa a cikinku ya ci gaba da dariya." Dariyar ta ƙare a nan. Mai idon ganin wahalar da mutum ya sha a kan abinsa, ko da abin bai yi maka ba.

Wanda ya fi kowa kushe motocin matasa shi ne Maikolo Havili, shugaban dattawan, ƙato mai faɗin ƙofa, mai koriyar mota ƙirar 1964 da ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kanta. Sai Allah ya haɗa 'yarsa tilo, Seini, da Simanu, wani saurayi mai gyaran wutar lantarki, mai farar injin wanki da ta fi ta kowa kwanciya a unguwa. Maikolo bai ƙi yaron ba, motar ya ƙi. Da aka sa ranar aure, Seini ta ce ita a motar Simanu za a kai ta coci, don a cikinta suka yi zance shekara uku.

Maikolo ya dubi Simanu a gaban dangi duka.

"Na yarda, yaro. Amma ka san tudun ƙofar cocinmu. In abin nan naka ya maƙale da 'yata a ciki, zan fito da ita in sa ta a tawa a gaban jama'a. Kuma har jikokinka sai sun ji labari."

Kowa ya san zai aikata. Saura mako guda Simanu ya kai motar wurin Kawu Peni, ya roƙe shi ya ƙara sauke ta don hotunan biki su yi kyau. Kawu Peni ya tura gwangwani, ya wuce da ƙyar.

"Ta isa haka, ɗana."

"Kawu, yatsa biyu kawai."

"Ka zo da kakar amarya mu auna."

Ina Simanu ya ga ƙarfin halin cewa Kaka Lupe ta zo a auna mota da ita? Ya koma gida, ya ɗauki sifanarsa, ya murɗa zoben sifirin da kansa, ya ƙara sauke ta. Ya gwada hawa tudun cocin shi kaɗai a ciki, a karkace, ya wuce lafiya. Ya tafi yana murna. Ranar Juma'a ya bi ta gaban gareji, ya ɗaga wa Kawu Peni hannu, cikin motar ya ɗan gogi tudun rage gudu da ke wurin. Ƙarar ba ta kai ta cokali a faranti ba, amma tsohon ya ji ta. Bai kira shi ba, bai gaya wa kowa ba. Ya dai zaɓi katako huɗu masu kauri ya jefa a bayan motarsa ta aiki.

Ranar Asabar ƙarfe goma, farfajiyar coci ta cika. Jiragen ruwa a dama, injinan wanki a hagu, hanya a tsakiya. Simanu yana kan matakala cikin fararen kaya. Motar amarya ta karyo kwana, wani ɗan'uwan Seini yana tuƙi. A baya ga amarya, ga gwaggonta rungume da manyan tabarmin biki. A gaba ga Kaka Lupe, wadda Allah ya yi wa albarkar jiki. A but kuwa, ba tare da an tambayi kowa ba, dangi sun loda katan shida na gwangwanayen pisupo na kyautar dangin ango. Maikolo yana biye a koriyar motarsa.

Tayoyin gaba suka hau tudun. Sai aka ji ƙuuu, cikin motar ya zauna daram a kan siminti. Ba gaba, ba baya. 'Yan waƙar coci suka katse waƙa. Kunya ta rufe Simanu har ya kasa ɗaga kai.

Maikolo ya fito a hankali, ya gyara kwat, ya buɗe ƙofar bayan motarsa ya bar ta a buɗe. Babu wanda ya motsa, don ba a taɓa motar amarya sai ubanta ya yi magana. Ya nufi 'yarsa. A tsakiyar hanya ya ci karo da Kawu Peni, cikin farar riga da zanen da mazanmu ke ɗaurawa zuwa coci, katako biyu a kowace hammata.

"Tsoho, ba ni hanya."

"Zan ba ka. Jak ba zai shiga ƙarƙashinta ba, sai an ɗaga da hannu, kuma duk filin nan babu mai ƙarfinka."

"Ni zan ɗaga injin wanki? Na gaya masa tun farko."

Kawu Peni ya matso, ya yi masa wata magana a kunne. Ba ta fi numfashi biyu ba. Waɗanda ke kusa sun ce fuskar Maikolo ta canza, ya dubi tudun, ya dubi yaron da ke tsaye a matakala kamar an dasa shi. Sai ya tuɓe kwat ya miƙa wa matarsa.

"To me kuke kallo?" ya ce wa mutanensa. "Ku sauke katan ɗin nan."

Kafin ka ce me, dattawa da matasa sun cakuɗe, katan-katan suna wucewa hannu zuwa hannu, 'yan waƙa suka ɗora daga inda suka tsaya. Aka roƙi Kaka Lupe ta ɗan fito.

"Ni na zauna," ta ce. "Wanda ya gaji ya sake."

Haka Maikolo ya durƙusa ya kama gefen da take, ya ɗaga motar da tsohuwar gaba ɗaya, jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa. Kawu Peni ya kwanta da farar rigarsa a kan siminti ya zura katako ƙarƙashin taya. Motar ta haye sumul. Seini ta fito a ƙofar coci daga motar da ta zaɓa, tana dariya tana share hawaye. Maikolo ya ɗauki hannunta da hannunsa mai baƙin taya, da suka zo daidai Simanu sai ya ce masa ƙasa-ƙasa: "Ɗaga kanka, yaro, hoto ake ɗauka."

Shekara huɗu muna tambayar Kawu Peni abin da ya raɗa, yana cewa ya manta. Sai Asabar da ta wuce, ranar da ya ajiye aiki saboda gwiwoyinsa sun ƙi, muka ji daga bakin mai ita. An rufe layin gareji, an gasa alade, gwaza da ayaba sun wadata. Motoci sun fi sittin, kuma wannan karon babu dama babu hagu, kowa ya ajiye inda ya samu. Maikolo ya miƙe da kofin shayi.

"A 1989 na yanke sifirin motata da zarto," ya ce. "Na maƙale a tudun nan na coci, uwar yarinyar da nake nema tana ciki. Wannan tsohuwar da kuke gani. Mutumin nan ya zo da katako ya fitar da ni kafin a taso daga ibada. Abin da ya ce mini ranar auren Seini shi ne: wancan karon ni kaɗai na gani, kuma shekara talatin ban faɗa ba."

Kaka Lupe ta ɗaga murya daga kujerarta: "Ni ma ban faɗa ba. Kuma lokacin ban kai haka nauyi ba."

Sai da aka riƙe wasu don dariya. Kawu Peni kuwa kansa a ƙasa, yana juya kofi, kunya yake ji kamar shi aka kama.

Kawu Peni, ba a taɓa ba ka kofin gasa ba, hotonka bai taɓa fita a mujallar motoci ba. Amma kai ne ka koya mana cewa mutum zai iya ƙin hawa motar wani, ya kuma durƙusa ya ga kyanta. Kai ne ka rufa wa samari asiri har suka zama dattawa. Mun gode, mun gode ƙwarai. Allah ya ba gwiwoyinka lafiya. Mu da muka rage a layin nan, in mun ga wani ya maƙale, mu tuna da katakonka kafin mu ɗaga waya mu ɗauki hoto, mu kuma riƙa auna motocinmu da mutanenmu a ciki.

Da za a tashi, ya sauko da gwangwanin ya miƙa wa Simanu. Maikolo ya fizge. Ya sa Seini da jaririnta da Kaka Lupe suka shiga farar motar, ya durƙusa da ƙyar, ya tura gwangwanin ta gaba, ya tura ta tsakiya, ya tura ta baya. Ya wuce bai taɓa komai ba.

"Har yanzu dai injin wanki ce," ya ce yana kaɗe gwiwa. "Amma an yi ta da kyau. Buɗe mini gaba, ɗana, kai za ka kai ni gida."