Ludayi Shida

Wata safiyar Asabar ce a farkon bazara, shekarar da nake aji biyu a elementare, Turawa na nan suna mulki. Mu yaran gidanmu tara muka yi layi a ƙofar ɗakin Kaka, kowa riƙe da ƙoƙonsa, ba mai ko tari. Kaka ita ce mahaifiyar Babanmu, 'yar siririyar tsohuwa mai kaifin ido. Tana zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa, tukunyar magani a gabanta, ludayi a hannu. Tun jiya da la'asar ta jiƙa ganyen filasko da tsamiya da jar kanwa, suka kwana suna tsima, ruwan ya koma baƙi-baƙi kamar na kududdufi. Warinsa kaɗai ya isa ya murɗa maka hanji. Ranar wankin ciki ke nan, ranar da na fi tsana a duk kwanakin shekara, kuma wallahi har gobe in na ji warin jiƙaƙƙiyar tsamiya sai yawu ya cika mini baki.

Ƙauyenmu yana bakin fadama tsakanin Makarfi da Kudan, ƙasar rake ce. Daga kaka har ƙarshen rani injin matse rake ba ya hutawa. Doki yana zagaye, ruwan rake yana zuba, manya suna dafa shi a manyan kasake har ya yi kauri su zuba a ƙananan tasoshi ya daskare ya zama mazarƙwaila. Aikinmu yara shi ne yanko wa dokin ciyawa, da shanya tuƙar rake, da tura ta cikin wuta in ta bushe. Ladanmu kuwa ƙanzon kasko. Mu kankare, mu lashe, mu cusa gutsattsari a aljihu, mu tafi kiwon awaki muna tsotsa, mu dawo mu yi langa a dandali hannuwa na danƙo. Wata huɗu cur muna cikin wannan daula. To, a wurin Kaka duk zaƙin nan ba ya wucewa, taruwa yake a cikin yaro ya kwanta a hanji kamar yadda yake kwantawa a gindin kasko. Shi ke haifar da tsutsar ciki, in ji ta, shi ke kawo ƙuraje da shawara da kasala da daƙiƙanci. "Tukunyar da aka yi wata huɗu ana girki ba a wanke ba, wa zai ci tuwonta?" Haka take cewa duk shekara. Ba gidanmu kaɗai ba, matan unguwa ma aiko yaransu suke da ƙoƙo, har daga ƙauyukan wajen Ikara akan zo neman haɗinta, domin an san hannunta ba ya zarcewa. Ta kalli yaro sau ɗaya ta san ludayi nawa cikinsa zai ɗauka.

Dokar ranar ɗaya ce, kuma ba a taka ta. In ka sha, ba abinci, ba ruwa, sai magani ya gama aikinsa. Ruwa yana kashe ƙarfin magani, in kuma gudawa ta kankama ruwa yana ƙara mata hanya. Saboda haka akan kife faifai a bakin randa a ɗora dutsen niƙa a kai.

Ni kuwa ina da tsohon ciwo da maganin nan. Bara, kwana biyu da sha, muna tsaye a layi a filin makaranta Malam yana ba mu hagu-dama, sauran maganin ya motsa. Na ɗaga hannu, Malam bai gani ba. Na matse, na yi gumi, ina! Abin da ya faru ya faru a gaban yara sama da talatin. Sunan da suka laƙaba mini ba zan rubuta shi a nan ba, ko jikokina ba su san shi ba, amma shekara guda na yi ina dambe a kansa. Don haka tun da na ga Kaka ta aiki a yago mata filasko na rantse a raina cewa bana ko ɗigo ba zai wuce maƙogwarona ba.

Zubarwa ba ta yiwuwa, don Kaka takan bi bayan ɗakuna tana duba ƙasa. Sai na tuna da Kande, ƙanwata, 'yar shekara biyar, mai bina duk inda na sa ƙafa. Yarinyar nan in dai akwai zaƙi a gaba, ko me ka ce ta yi za ta yi. Kaka ta zuba mini ludayi huɗu tana mini tsiya irin ta kaka da jika: "Maigida, shanye mana, ni ba na auren rago." Ta zuba wa Kande biyu. Ana cikin haka wani ɗan maƙwabta ya ƙi buɗe baki, aka taru a kansa ana ɗura masa, hankalin kowa ya koma can. Na ja Kande gefen rumbu, na nuna mata rabin curin mazarƙwaila da na ɓoye, na juye nawa a cikin ƙoƙonta. Ta toshe hanci ta shanye tas, hawaye na zuba, ta miƙo hannu. Na ba ta, na shafa ɗan saura a leɓena, na dawo ina yamutsa fuska.

Da hantsi gida ya kacame. Wannan ya ruga masai, wancan ya zura bayan danga, wani yana buga ƙofa yana kuka a fito. Ni ma na shiga sahu, na riƙe ciki, na yi ta nishin ƙarya ina zarya zuwa cikin gamba. Can sai in tsuguna in yi ta jifan ƙadangaru ina jin daɗin wayona. Kafin azahar yawancin yara sun lafa, an dama musu kunu. Kande kuwa ba ta lafa ba. Tun tana tafiya da ƙafarta har ta koma sai an ɗauke ta, har Innarmu ta daina ɗagawa ta shimfiɗa mata tsumma a inuwar rumfa. Abin da ke fita ya daina kama da komai, ruwa ne zalla. Kaka ta zo ta duba ta ce dattin ne ya yi yawa, a bar shi ya fita, amma na ga ta daɗe a tsaye tana kallon yarinyar, ta koma ta leƙa tukunyarta, ta sake dawowa.

Ga zafin bazara, irin wanda ko kaji sai sun buɗe baki. Kande ta fara kiran ruwa. Ba ta kiran Inna, ba ta kiran Kaka, ni take kira: "Yaya, ruwa." Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na fita zaure, na dawo. Na kwance awaki, na manta na bar su suka shiga gonar mutane. Na je gindin randa na taɓa dutsen, na janye hannu, don da gaske na yarda cewa in na ba ta ruwa na ƙarasa ta. Innarmu tana zaune kusa da ita tana mata fifita, ba ta da bakin magana a gaban surukarta, sai dai ta riƙa goge ido da bakin zane. Haka muka kwana.

Da gari ya waye na leƙa na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido. Idanun Kande sun zurma, leɓenta ya tsage, tana kuka ba hawaye. Ƙafafunta sai ɗaurewa suke tana miƙa. Kaka ta tsunkuli fatar cikinta, fatar ta tsaya a yadda aka tsunkule ta, ta ƙi komawa. A nan na ji tsohuwar nan da ban taɓa ganin ta rikice ba tana magana ita kaɗai: "Biyu na ba ta. Biyu fa. Ko jaririn goye ai…" Ta shiga ɗakinta, na bi ta. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na faɗa mata komai, har mazarƙwailar. Na rufe ido ina jiran mari, kuma da na samu da na ji sanyi.

Ba ta taɓa ni ba. Ta tambaye ni, "Duka huɗun?" Na ce duka. Ta ce, "Wa ka gaya wa?" Na ce ba kowa. Ta kama haɓata ta ɗaga fuskata. "To ka haɗiye ta. Ka san ubanka." Na san shi kuwa. Baba mutum ne mai shiru, amma in ransa ya ɓaci ba ya sanin inda hannunsa ke sauka, kuma Kande ce 'yarsa mace tilo. Kaka ta yafa mayafi ta fito tsakar gida ta ce a ɗaura wa jaki shimfiɗa, a kai yarinyar nan ɗakin shan magani na En'e a Makarfi. Kowa ya tsaya kallonta. Matar da ta sha cewa maganin Bature na masu cikin Bature ne, yau ita ce da bakinta.

Baba ya hau jaki rungume da Kande, Kaka na biye a ƙasa da sandarta, ni kuma a baya, ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya kore ni. Tafiyar da muka saba yi muna wasa ranar kasuwa, ran nan ta ƙi ƙarewa. Duk 'yan taku sai in ruga gaba in leƙa ko ƙirjin Kande na motsi. Malamin asibitin wani dogon mutum ne mai farar riga. Ya buɗe idonta, ya taɓa harshenta, ya tambayi abin da aka ba ta da kuma yawansa. Kaka ta ce, "Ludayi shida. Ni na zuba. Hannuna ne ya zarce."

Baba ya juyo ya dubi mahaifiyarsa. Sai ya mayar da kansa ƙasa. Malamin ya yi salati. Ya ce ko biyu ya yi wa yarinya kamar wannan yawa, kuma ba datti ne ke fita daga jikinta ba, ruwan jikinta ne, hana ta sha kuwa shi ke neman kashe ta. Ya faɗi haka a gaban layin mutane, cikinsu har da matan da suka san Kaka. Ya sa aka kawo tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, ya ce a riƙa ba ta cokali-cokali ko tana amai kada a daina, ya haɗa da wani farin magani mai kama da ruwan alli. Kaka ce ta karɓi cokalin. A gindin bishiyar ƙofar wurin ta zauna wuni guda tana ɗiga wa Kande ruwan da ta hana ta jiya. Wajen la'asar Kande ta yi fitsari, malamin ya ce alhamdu lillahi. Kwana uku muka yi a gidan wani abokin Baba kafin muka dawo da ita a raye.

Labari ya riga mu isa gida. Wai tsufa ya kama Kaka, ido ya tafi, ta kusa kashe jikarta. Matan da ke durƙusawa su gaishe ta suka koma gaisuwa daga nesa. Ba a sake aiko yaro da ƙoƙo ba, ko haihuwa aka yi a unguwa, wadda a da ita ake kira, sai a kira wata. Baba bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma ya ce ba za a ƙara jiƙa filasko a gidansa ba, kuma ya daina zaman hira a ƙofar ɗakinta bayan la'asar kamar yadda ya saba. Wannan ya fi komai cin ta, na gani da idona. Sau biyu na je zan fasa maganar a gaban Baba, sau biyu tana hararata daga inda take zaune har na koma. Ta ci gaba da kirana maigida, tana mini tsiya, tana ɓoye mini ƙosai, kamar ba abin da ya shiga tsakaninmu. Ni kuwa ban ƙara iya haɗa ido da ita ba.

Yanzu na tsufa, na wuce shekarun da Kaka take da su a lokacin. Kande tana nan da jikokinta, ba ta tuna komai sai cewa ta taɓa hawa jaki da Baba. In na shiga kasuwa na ji mai mota da lasifika yana tallan maganin wankin hanji, wai yana fitar da dattin shekara goma, yana gyara fata, yana ƙara ƙarfi, sai jinina ya hau. Na sha tsayawa in yi musu da su har yarana su ja ni, suna cewa Baba ka bari, ana kallonmu. Likitoci sun gaya mini ciki yana wanke kansa, ba ya bukatar a kankare shi, kuma yawan shan irin wannan yana zuƙe ruwan jiki ya gajiyar da hanji. Kaka ba ta san haka ba, ta yi kuskure, ban musa ba. Amma ita ta san sunan kowane yaro da take zuba wa, kuma da abin ya ɓaci ba ta tayar da mota ta gudu wata kasuwa ba. Ta tsaya, ta ɗauki nata laifin, ta haɗa da nawa, ta tafi da su kabari.

Baba ya rasu yana zaton mahaifiyarsa ce. Ita kuma ta rasu ban taɓa buɗe baki na ce mata na gode ba.